Lauyan Fim Da Lauyan Kakuri

Kwanakin baya na biya ta Barnawa don in gaida wani abokina lauya. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon sayar da fenti. Na tarar ya dawo daga kotu ya tuɓe kwat yana cin gyaɗa, yaron ofis kuma ya jingina waya da tulin fayil yana kallon wani fim ɗin Hausa. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, domin ba shi kaɗai ke da laifin ba, kuma ba na so furodusan ya ce na sa masa ido.

Daidai lokacin an zo wurin shari'a. Wani Alhaji ne ya rasu ya bar gida, ƙaninsa ya ƙirƙiro takarda ya ce gidan nasa ne, marayu suka kai ƙara. Sai ga lauyan marayu ya miƙe, ya gyara hular gashi, ya baro mazauninsa yana kai-komo a gaban alƙali, hannu a baya. Ya taka har gaban akwatin shaida, ya nuna ƙanin Alhaji da yatsa yana daka masa tsawa. Ɗaya lauyan ya yi zumbur ya ce, "Obijekshin, mai lod!" Ana cikin haka sai ƙofar kotu ta buɗe, wata tsohuwa da kowa ya ɗauka ta mutu ta shigo riƙe da waya mai ɗauke da muryar maci amana. Alƙali ya buga guduma, ya ɗaure ƙanin Alhaji shekara 10, ya mayar wa marayu gidansu. Aka sa kiɗa. Duk cikin minti bakwai.

Abokina ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Da ya sha ruwa ya nuna mani wani fayil mai kauri da aka ɗaure da igiya, ya ce shi ma rigimar gida ce irin wannan, a Nasarawa, kuma yaron da aka haifa a shekarar da aka shigar da ƙarar yanzu yana firamare.

Tun daga ranar na ke ta juya maganar. Finafinanmu da littattafanmu suna son lauya ƙwarai. Idan marubuciya tana so ta nuna jarumarta ta yi ilimi, ko dai ta mayar da ita likita ko barista. Idan darakta ya rasa yadda zai warware ƙullin labari, sai ya kwashe kowa ya kai kotu. Amma lauyan da su ke nuna mana mutum ɗaya ne kullum: mai kare wanda aka yi wa sharrin kisa ko fyaɗe, mai baki kamar reza, wanda ke cin shari'a da ihu da sa'a. Lauyan da mafi yawan jama'a za su buƙata a rayuwarsu, wato mai shari'ar neman haƙƙi, ta fili da gado da bashi da haya da kuɗin sallama, har yau ban gan shi da kamanninsa a allonmu ba.

Kowa ya san daga inda aka aro wancan lauyan. Duk wanda ya yi kallon Indiya a sinimomin Kaduna da Kano ko a bidiyon gida ya san Damini na 1993, inda Sunny Deol ya fito a lauya mashayi da ya dawo aiki don ya kare wata baiwar Allah, Amrish Puri kuma ya fito a mugun barista mai kaɗa gashi. Tsayuwar, nuna yatsar, dukan teburin, duk daga irin waɗannan finafinai mu ka kwaso. Abin dariyar shi ne, wuri ɗaya da Damini ya faɗi tsagwaron gaskiya game da kotu, wato inda lauyan ya fusata kan yadda ake ta ɗage shari'a daga wannan rana zuwa waccan har mai haƙƙi ya gaji, shi ne wurin da ba mu kwaikwaya ba. Mun ɗauko tsawar mun baro dalilinta.

Bari mu fara da kuskure mafi girma, wanda kusan kowane fim ke yi. Shari'a iri biyu ce. Akwai ta laifi, inda hukuma ke gurfanar da mutum, a same shi da laifi a ɗaure shi ko a ci shi tara. Akwai kuma ta neman haƙƙi, inda wane ke ƙarar wane, ko ma'aikaci ke ƙarar kamfani, ko talaka ke ƙarar gwamnati. A wannan ta biyun alƙali cewa zai yi gida na wane ne, ko a biya wane kaza, ko a dakatar da gini. Marayun da su ka je neman gidansu ba za su fito da hukuncin ɗaurin shekara 10 a kan baffansu ba. In ana so a ɗaure shi kan takardar bogi, wannan wata shari'a ce daban, da 'yan sanda da mai gabatar da ƙara. Darakta yana haɗe su wuri guda don ya huce haushin 'yan kallo, shi ke nan sai ɗan kallo ya tashi da fahimtar cewa in ya kai wanda ya ci masa bashi kotu, gidan yari za a kai shi.

Sai maganar tsohuwar da ta faɗo kotu ba zato. A Babbar Kotun Jihar Kaduna, tun ƙa'idojin 2007, lauyan mai ƙara ba ya shigar da ƙara hannu rabbana. Tun ranar farko zai haɗa bayanin abin da ya ke nema, da jerin shaidunsa, da rubutacciyar shaidar kowannensu wadda ya yi rantsuwa a kanta, da kwafin duk takardar da zai dogara da ita. A kai wa abokin shari'a, shi ma ya mayar da nasa haka. Legas ce ta fara wannan tsari a 2004, sauran jihohi su ka bi. Saboda haka kowane ɓangare ya san makamin ɗan'uwansa tun kafin a zauna. Ranar da shaida ya zo, yawanci cewa kawai zai yi wannan takardar tawa ce, na amince da ita, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya yi masa tambayoyi. In kana da sabon shaida, sai ka rubuta roƙo, kotu ta yarda ko ta ƙi.

Kuma lauya ba ya yawo a kotu. A inda ya ke zaune nan zai miƙe ya yi magana. Ba ya sauri, domin yawancin alƙalanmu da hannu su ke rubuta duk abin da aka faɗa, don haka idon lauya na kan alƙalamin mai shari'a, in ya tsaya sannan ya ci gaba. Turanci ake yi, in shaida ba ya ji a kira tafinta. Hular gashi da baƙar riga kuwa na manyan kotuna ne. A gaban majistare kwat kawai lauya ke sawa. Na taɓa ganin fim ɗin da barista ta je ofishin 'yan sanda belin saurayinta da hular gashi a ka. Allah Ya sa dai ba da ita ta ke kwana ba.

Na san abin da 'yan fim za su ce, don sun sha faɗa mani: Malam, fim nishaɗi ne, wa zai zauna kallon alƙali yana rubutu? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ba wanda ya ce a ɗauki zaman kotu na awa huɗu a sa a faifai. Amma ina ganin sun duba wurin da ba nan wasan ya ke ba. A shari'ar neman haƙƙi, abin da ke tsinka zuciya yana faruwa ne a ofishin lauya, da wurin rajistara, da tsakar gidan mai ƙara, tun kafin a shiga zauren kotu.

Ga misali. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Okafor da Nweke cewa takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, ba da sunan lauya ɗan'adam da ke cikin rajista ba, banza ce. Bayan wannan hukunci shari'o'i da dama da aka shekara ana yi sun rushe saboda layi ɗaya a ƙasan takarda. To ka ɗauka kai ne lauyan. Ka yi shekara takwas kana jan shari'ar wata bazawara, ka ci a kotun farko, sai a kotun ɗaukaka ƙara abokin karawarka ya buɗe shafin farko ya nuna sa hannun da yaronka ya yi ranar da ka ke zazzaɓi. Da wane baki za ka je gidanta ka yi mata bayani? In wannan bai isa fim ba, ban san abin da ya isa ba.

Ko kuma dokar nan da ke kare jami'an gwamnati, wadda ta ce a yawancin ƙararrakin da za ka kai jami'i kan abin da ya yi a bakin aikinsa, wata uku kacal gare ka. Akwai togaciya, amma asalin dokar ke nan. Mu kuwa al'adarmu in an zalunce ka sai ka fara da haƙuri, ka je wurin mai unguwa, ka aika dattawa, ka jira a gama azumi, sannan in abin ya ƙi ka nemi lauya. Kafin nan wata ukun sun wuce. Mutum yana da gaskiya dumu-dumu, amma ƙofa ta rufe. Da wani fim guda ɗaya ya taɓa nuna wannan, da ya amfani jama'a fiye da obijekshin ɗari.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne labaran suna nan zube a ƙofar gidanmu, musamman mu na Kaduna. Ka tsallaka gada ka nufi Kakuri da Makera. A nan aka kafa masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Arewa Textiles da UNTL da Nortex da sauransu su ka biyo baya, har aka riƙa kiran Kaduna garin masaƙu. Dubban mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya su ka zauna a Kakuri da Nasarawa da Unguwar Television saboda su. A Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara aiki kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, daga baya shugaban ƙwadago na ƙasa. Sai wuta ta yi ƙaranci, kayan waje su ka cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya, injuna su ka tsufa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

Ma'aikatan KTL sun fita ba a biya su kuɗin sallama ba, kuma masaƙar ta jihohin Arewa ce. Kuɗin ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Sun shafe fiye da shekara 15 suna bi, daga kotu zuwa zanga-zanga zuwa roƙon gwamnonin Arewa, da yawansu sun mutu ba su ga ko kwabo ba, matansu da 'ya'yansu su ka gaji jiran. A nan ne mutum zai gane abin da fim bai taɓa gaya masa ba: samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Bayan alƙali ya ce a biya, lauya zai shiga sabon aiki, na neman kadarar da za a kama ko asusun bankin da za a riƙe. In kuɗin yana hannun jami'in gwamnati, akwai tsohuwar dokar da ta ce sai Antoni-janar ya amince kafin a taɓa shi. Wato ka ci gwamnati a kotu, sannan ka koma wurin lauyan gwamnati neman izinin karɓar kuɗinka. A fim, da an buga guduma sai rungume-rungume. A Kakuri, daga nan ne tsugune ta ke farawa.

Ina marubucin da zai ba mu lauyan waɗannan mutane? Ba jarumi mai jif ba. Mutum mai tsohuwar Fijo, wanda masu ƙararsa ɗari uku ne amma ba mai iya biyansa kuɗin mota, wanda matarsa ke tambayarsa yaushe zai bar shari'ar matattu ya kama ta masu rai, wanda duk wata sai an zo an gaya masa an cire suna ɗaya daga jerin. Kuma wata rana wani babba ya kira shi gefe ya ce a sasanta a kan rabin kuɗin. Ya karɓa tsofaffin su ga wani abu kafin su mutu, ko ya ƙi ya ci gaba da neman cikakken haƙƙi? Ga ƙulli na gaske, wanda ba sai an kawo aljani ko tsohuwar da ta tashi daga kabari ba.

Akwai kuma maganar gidaje. Duk ɗan Kaduna ya san abin da rikicin Fabrairu da Mayu na 2000 da na Nuwamba 2002 su ka yi wa garin. Musulmi da yawa su ka bar kudancin kogi su ka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista da yawa su ka baro arewa su ka koma Sabon Tasha da Narayi da Romi. An sayar da gidaje cikin gaggawa, an yi musaya, wani da 'yar takarda a gaban mai unguwa, wani da baki kawai bisa amana. Alhali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce fili a birni yana hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka ba ya sayarwa sai da amincewarsa. Yau waɗanda su ka yi cinikin da yawa sun rasu, fili ya yi tsada, 'ya'ya sun girma sun fara tambaya. Irin fayil ɗin da abokina ya nuna mani ke nan. A ciki akwai tsoro, akwai maƙwabtaka, akwai wanda ya riƙe amanar gidan maƙwabcinsa na wani addini shekara da shekaru, akwai wanda ya ci. Ko rigimar Gbagyi Villa ta 2016, lokacin da gwamnatin jiha ta ce unguwar ta shiga filin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, mazauna kuma su ka garzaya kotu, ta ishi mai hankali ya fitar da fim mai dogon zango.

Hamisu Lamiɗo Iyantama ya gwada taɓa zaman Hausawa da sauran ƙabilu a Tsintsiya, kuma ya kyauta. Amma ta ƙofar soyayya ya shiga, kamar yadda kowa ke shiga. Ta ƙofar takardar gida ba wanda ya leƙa.

Wani zai ce ai shari'ar Turanci ce, ba ta daɗin ji da Hausa. To ai Kaduna ba kotu iri ɗaya gare ta ba. Tun gyaran da gwamnatin Ahmed Makarfi ta yi a 2001, akwai kotunan shari'ar Musulunci, akwai kotunan al'ada, ga kuma majistare da Babbar Kotu. Lauya ɗaya zai iya yin safiya a Babbar Kotu da ke titin Bida, ya yi hantsi a kotun Musulunci ta Magajin Gari kan rabon gado ko khul'i, da Hausa tsantsa. A can akwai ƙa'idar cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Akwai i'izari, inda alƙali zai tambayi mutum ko yana da sauran magana kafin a yanke. Ka duba nauyin wannan lokacin da za a miƙa wa mutum Alƙur'ani ya rantse kan gonar marayu, kowa ya yi tsit. Magabatanmu sun san daɗin wannan. Kuliya Manta Sabo a talabijin ba shi da waƙa ba shi da rawa, zaman alƙali ne da masu ƙara, amma mutane na barin abin da su ke yi su zo kallo, domin rigimar da ake yi irin tasu ce, kuma harshen nasu ne.

Marubutan littafi ma ba su tsira ba, kodayake laifinsu ya sha bamban. Su ba su cika shiga kotu ba, sai dai su ba jaruma digirin lauya kamar yadda ake ba amarya sarƙa. Za a ce Barista wance ta fito daga mota, ta shiga ofis mai sanyi, sakatariya ta gaishe ta, daga nan sai waya ta yi ƙara, masoyi ne. Har littafin ya ƙare ba za ka ga ta buɗe fayil ba. Ba za ka ji shekara biyar ɗin da ta yi a Kongo ta Zariya ba, ko shekarar makarantar lauyoyi a Bwari ko Bagauda, ko shekarun da ƙaramin lauya ke yi yana ɗaukar wa babba jaka a kan albashin da bai kai na direba ba. Kuma abin mamaki, jigon da su ka fi so, wato auren dole, yana da tarihi a kotu. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta duba shari'ar wata budurwa daga Jihar Neja wadda mahaifinta ya fara ba ta zaɓi tsakanin masu nemanta, daga baya ya ɗaura mata aure da wanda ba ta so. Kotun ta ce tunda ya ba ta zaɓi, ya sauke ikonsa na tilastawa. Littattafai nawa aka rubuta kan auren dole tun daga lokacin? A cikinsu jaruma ko ta sha fiya-fiya, ko ta gudu, ko ta haƙura har so ya zo daga baya. Wadda ta nemi lauya ba ta da yawa.

A nan dole in yaba wa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A Alhaki Kuykuyo Ne, abin da ya riƙe labarin shi ne tambayar da lauyan neman haƙƙi ke fama da ita kullum: mace an sake ta da 'ya'ya rututu, wa zai ciyar, ina za a zauna, me za a sayar? Ta san cewa kuɗin cefane da ɗakin haya su ma labari ne. Wannan idon ne na ke nema a wurin masu rubuta mana lauyoyi.

Waje ma sun riga mu cin abincinmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. 11 su ka rasu, wasu su ka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye su ka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Aka yi shari'a a Amurka, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko su ka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara 15 ke nan. Wannan ita ce shari'ar neman haƙƙi mafi girma da ta taɓa shafar talakan Bahaushe, kuma a garin da ya fi ko'ina yawan masu shirya fim ta faru. A Amurka, shari'ar gurɓata ruwan wani ƙaramin gari ce ta zama Erin Brockovich a 2000, har Julia Roberts ta ci kyautar Oscar da shi, alhali rabin fim ɗin mace ce ke bi gida-gida tana tara takardu da sa hannu. Mu kuwa muna nan muna ta kishiya ta zuba guba a kunu.

Ba kuma rashin mutanen koyi ba ne. A.G.F. Abdulrazaq, lauya na farko daga Arewa, ya zama lauya tun 1955, ya rasu a 2020. Alhaji Abdullahi Ibrahim, ɗan Arewa na farko da ya samu muƙamin SAN a 1982, a Kaduna ya kafa ofishinsa, ya riƙe Antoni-janar na ƙasa daga 1997 zuwa 1999, ya rasu a 2021. J.B. Daudu daga Kaduna ya shugabanci ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa daga 2010 zuwa 2012. Garin cike ya ke da lauyoyi, manya da ƙanana. Marubucin fim da zai sayi lemo ya zauna da ɗaya daga cikinsu na awa biyu, ko ya je ya zauna a bencin baya na kotu kwana uku, kyauta, ba mai hana shi, zai fito da abin da ya fi wanda ya ke kwafa daga Bombay.

Ni a ganina dalilin wannan nisa shi ne su kansu 'yan fim ba su san lauya ba sai ranar wuya. Sun san kotu ta fuskar kamu: ɗaurin Adam A. Zango a 2007, ɗaurin Iyantama a ƙarshen 2008 zamanin Abubakar Rabo a hukumar tace finafinai ta Kano. Wato lauya a wurinsu mai zuwa beli ne. Amma sana'ar da kanta a kan baki ta ke tafiya. Furodusa zai karɓi kuɗin mai zuba jari ba takarda, ya ɗauki labarin marubuci ba takarda, mawaƙi ya ba da waƙa ba takarda. Marubuciya za ta wayi gari ta ji ana karanta littafinta a YouTube, wani na karɓar kuɗin talla. Dokar haƙƙin mallaka, har da sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, ta ce sayar da haƙƙi sai a rubuce, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke jin irin wannan ƙara. Amma in rigima ta tashi sai a tafi wurin dattawan industiri, a ba wanda aka cuta haƙuri, a yi hoto. Wanda bai taɓa zama da lauya ya rubuta yarjejeniyar shafi biyu ba, ta yaya zai rubuta lauya a fim?

Ban ce duk lauyoyi waliyyai ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Akwai mai karɓar kuɗin zuwa kotu alhali ya san ba za a zauna ba. Akwai mai neman ɗagewa da gangan don wanda ya ke karewa ya ci gaba da karɓar kuɗin hayar gidan da ake rigima a kai. Akwai wanda kuɗin mai ƙara zai shigo asusunsa ya yi shiru. Fim na gaskiya zai nuna waɗannan ma, kuma mugun da ke kashe ka da kalanda ya fi mai zare ido ban tsoro. Wani jinkirin kuma ba laifin kowa ba ne a cikin masu shari'ar: a canza wa alƙali wurin aiki a koma farko, a tura shi kotun zaɓe na watanni, ko ma'aikatan kotu su shiga yajin aiki kamar na 2021 da ya rufe kotunan ƙasar nan fiye da wata biyu. Hausawa da su ka ce shari'a mace ce da ciki ba su faɗi watannin ba.

Kafin in bar ofishin abokina, wani dattijo ya hawo matakala a hankali yana dafa bango, da leda baƙa a hammata. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, amma ba maganar sallama ta kawo shi ba, rigimar shago ce da mai gidan haya. Ya zauna ya kwance ledar, ya fito da rasit-rasit na shekaru, wasu sun yi ja, wasu tawadar ta gudu, ya jera su a tebur ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya sa tabarau yana dubawa yana jera su bisa wata. Can ya tsaya, ya koma baya, ya sake ƙirgawa.

"Baba, na watan Yuli fa?"

Dattijon ya zazzage ledar, ya laluba aljihun gaba, ya cire hula ya duba cikinta. Yaron ofis ya kashe fim ɗin ya matso.